Tokar Inna a kan Kuɗin Jamusawa

Ni ne ɗan fari a wajen Inna, saboda haka ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Haka al'adar take a wajenmu, ita kuwa ta riƙe ta fiye da yawancin matan garin. Ba ta kirana, ba ta zama inda nake zaune. In magana ta zama dole sai ta juya ta gaya wa wanda ke kusa, ko da kaza ce take wucewa. "Wasu mutane dai tun safe ba su sa komai a ciki ba," haka za ta ce wa kazar, ni kuma in tashi in je in buɗe kwano.

Abin bai dame ni ba ina yaro, don tana da wata hanyar yi mini magana. Kwanon da ake zuba mini tuwo ya fi kowane kwano ƙyalli a gidan. In na dawo hutu daga makarantar kwana, zan tarar an goge fitilar ɗakina har ƙarfenta yana ɗaukar ido. Ba ta taɓa cewa ita ta yi ba, ni ma ban taɓa tambaya ba. Da hannu take yi mini magana, kuma ina jin na fahimci yawancin abin da take faɗa.

An san ta da gugar azurfa a unguwarmu. In biki ya matso, mata sukan kawo mata munduwa da awarwaro da tasoshin da suka gada, ta zauna a gindin darbejiya da tokar murhu da lemun tsami, wani lokaci da ɗan rairayi mai laushi na bakin kanal ɗin ban-ruwa, ta yi ta murzawa da babban yatsa har azurfar ta yi fari tas. Ba ta karɓar komai. Abin da take so shi ne a ɗaga abin a rana a ce, "Kai, Inna!"

A tsakiyar shekarun 1980 ciwon ya same ta. Lokacin yankan tumatir ne, sa'ad da ya yi yawa a gonakin rani har kwanduna suke ruɓewa a bakin titin Zariya, mata suna fita yanka shi ana shanyawa ya zama kauɗa. An ce tana cikin yanka wuƙar ta faɗi daga hannunta, ta sunkuya za ta ɗauka, sai ta bi ta. Hawan jini ne ya shanye mata ɓarin dama. Bakinta ya dawo bayan 'yan makonni, ƙafar ma ta ɗan saki har tana iya jan ta da sanda. Hannun ne bai dawo ba. Yana kwance a cinyarta, yatsun a ɗan tanƙwashe, tafin yana kallon sama.

A lokacin ina koyar da tarihi a wata makarantar sakandare kusa da Kura, ina zaune a gidajen malamai da matata. Mahaifina ya riga ya rasu, kuma gidana ya fi kusa da asibiti, don haka aka kawo ta wajena. Likita ya ce ta huta. Ni mutum ne mai tsoron kuskure, in aka ba ni umarni nakan bi shi har ya wuce inda aka nufa. Muka karɓe komai daga hannunta. Ta ɗauki tsintsiya, matata ta karɓe. Ta jawo faifai za ta tsince shinkafa, a ce, "Inna, ki bari mana, me muke yi?" Har butar alwala ba ma bari ta cika da kanta. Da kyakkyawar niyya muka yi, kuma har yau ban tabbata wani likitan zai ce mun yi ba daidai ba.

Sai kuma maganar hagu. Macen da ta shekara sittin da wani abu ba ta taɓa kai loma baki da hagu ba, ba ta taɓa miƙa wa mutum abu ko ta karɓa da shi ba, yanzu shi kaɗai ya rage mata. Ta ƙi cin abinci a gaban kowa. Sai an kai mata ɗaki an saki labule. In maƙwabta suka zo dubiya suka miƙo goro, sai ta ce a ajiye a tabarma. Kwanon yakan dawo da fiye da rabin abin da aka zuba. Wata rana na ji tana gaya wa matata, da ƙarfin da ta san zan ji daga falo:

"Ke 'yar nan, buhun gero ma in an jingine shi a ɗaki akan zo a ɗiba. Ni me ake ɗiba a jikina?"

Matata ta ce, "Haba Inna, albarka muke ɗiba."

"Albarka ba ta share tsakar gida," in ji ta.

Abin da take nema a fili yake. Aiki take so a ba hannunta. Mu kuma muna tsoron faɗuwa, muna tsoron jinin ya sake hawa, sai muka yi ta ba ta haƙuri tana ramewa.

A nan ya kamata in faɗi yadda tsofaffin kuɗin Jamusawa suka shigo gidan malamin makaranta a ƙasar Kura, don duk wanda na ba labarin nan yakan tsaya a wannan wurin.

Cikin Turawan da ke aikin ban-ruwa na noman rani a yankinmu a lokacin akwai wani dattijo Bajamushe, injiniyan ƙofofin da ake buɗewa a raba ruwa daga babban kanal zuwa ƙanana. Yana so ya iya gaisawa da manoma ba tare da tafinta ba, aka haɗa shi da ni. Bayan la'asar nakan hau babur in je gidansa a Kadawa, mu zauna a baranda mu yi ta ina kwana da ina gajiya. Bai taɓa iya Hausa sosai ba, amma ba ya jin kunyar kwaɓawa. Wata rana da ya ji tarihi na karanta a jami'a, ya shiga ciki ya fito da wani ɗan akwati mai aljihuna marasa zurfi. A kowane aljihu akwai ƙananan kwabban azurfa kwance a kan ƙyalle, baƙaƙe, sirara, wasu ba su kai farcen babban yatsa ba, gefensu a karkace kamar an yanka da almakashi.

Ya ce shekarunsu ɗari shida ne, wasu ɗari bakwai. A zamanin, ƙasarsu ba ta da sarki ɗaya mai buga kuɗi. Kowane gari mai ƙarfi da kowane babban limamin coci yana buga nasa, kuma suna kwaikwayon zanen juna. Saboda haka kwabo biyu za su yi kama kamar tagwaye, alhali garuruwansu suna da nisan tafiyar mako. Abin da ke raba su ɗan ɗigo ne, ko tauraro, ko harafi guda da aka ɓoye a wani lungu na zanen. Aikin mai tara su shi ne ya nemo wannan alamar, ya gwada ta da hotunan da ke cikin littafi, sa'an nan ya ce wannan na gari kaza ne. In bai gani ba, ya yi shiru.

Ina jin wannan na ƙarshen ne ya kama ni. Ga wani ilimi da bai yarda mutum ya faɗi abin da bai gani ba. Na samu abin da ya dace da halina.

Ya koya mini riƙe kwabo ta gefe, da karkata shi ga hasken taga don inuwa ta fito da zanen. Ya kuma yi mini gargaɗi guda da bai gaji da maimaitawa ba. Baƙin da ke jikinsu, in ji shi, ba datti ba ne, fatar da shekaru suka yi musu ce, kuma azurfar da ke ƙarƙashi ta yi laushi. In aka murza, zanen ne zai tafi.

"Malam, kada ka wanke," yakan ce, yana kaɗa mini yatsa. "Ko matarka ta yi kuka, kada ka wanke."

Da abubuwa suka fara tsanani a ƙasar, kayan gyara suka daina zuwa, Turawan suka fara tafiya ɗaya bayan ɗaya. Ranar da na je sallama ya ba ni ɗan faranti na katako mai ramuka, da kwabbai goma sha wani abu waɗanda yake da irinsu biyu, da gilashin ƙara girma, da wani littafi mai kauri na Jamusanci wanda hotunansa kawai nake iya karantawa sai da taimakon ƙamus. Ya nuna kwabo guda ɗaya ya ce wannan ya gagare shi, idonsa ya tsufa, ni in duba. Daga ranar ban sake jin labarinsa ba.

A hankali na gano sauran, ko in ce na gamsu da yawancinsu. Mafi kyau a cikinsu shi ne wani mai hoton limamin coci riƙe da sanda mai lanƙwasa, a bayansa gini mai hasumiyoyi. Baƙinsa yana da wani shuɗi-shuɗi kamar wuyan tattabara. Wanda ya gagara kuwa shi ne mafi ƙanƙanta. A fuska ɗaya gicciye ne, a ɗaya kuma tafin hannu a buɗe, yatsu biyar a miƙe. Littafin ya nuna garuruwa da dama sun buga irinsa, kuma a tsakiyar tafin ake sa alamar da ke raba su. A nawa akwai wani abu a wurin. Da hasken safe yakan yi mini kama da harafi, da na yamma ya koma ɗigo, wani lokacin kuma in ce ƙasa ce kawai ta daskare. Na kai ga zargin garuruwa biyu, na kasa zaɓa. Watanni na yi a haka.

Farantin yana kan tebur a falo kusa da taga, an rufe shi da ƙyalle. Matata ta san dokar, har ta mayar da ita abin tsokana. In tana shara sai ta ce, "Malam, ɗaga ƙafa, kada ƙura ta taɓa dukiyar da ba ta sayen ko gishiri."

Daga ƙofar ɗakinta Inna tana ganin teburin. Kullum in na dawo daga makaranta tana ganina a sunkuye da gilashi a ido. Wata rana ta ce wa matata:

"Wasu mutane an kai su jami'a, sun dawo suna gadin kuɗin matattu. Ki ɗauko in ga abin da ake yi wa wannan ruku'un."

Na yi mamaki, don tun zuwanta ba ta nemi ganin komai ba. Na ɗauki farantin da kaina na ajiye a gefen tabarmarta, na koma bakin ƙofa na tsaya. Matata ta riƙe mata gilashin. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya, har ta zo kan ƙaramin. Ta daɗe a kansa.

"Ki tambaye shi, hannun wane ne?"

Na ce wa matata masana sun yi saɓani. Wasu sun ce alamar ikon sarki ce, wasu sun ce abin addininsu ne, ni ba zan iya yanke hukunci ba.

"To ki ce masa na dama ne," in ji Inna. "Wannan kam ba sai an je jami'a ba." Ta ɗan ture gilashin. "Su masu kuɗin nan ba su da mata ne? Azurfa kamar an tono ta daga gindin murhu."

Matata ta yi dariya har da riƙe ciki. Gefen bakin Inna mai lafiya ya ɗan motsa. Wannan ne karo na farko da ta yi raha tun da ta kwanta. Bayanin Bature yana bakina, cewa baƙin ba datti ba ne, amma na ga in na fara zai zama kamar ina gyara mata magana a gaban surukarta, in kashe ɗan abin da ya taso. Na haɗiye. Na ɗauke farantin na mayar.

Bayan 'yan kwanaki, da safe kafin in fita, na sake zama da ƙaramin a taga. Matata ta kawo koko ta ce, "Har yanzu bai faɗi garinsu ba?" Na ce mata, cikin gajiya, wani ɗan datti ne ya toshe tsakiyar tafin, da zai fita da na ga alamar na huta. Kalmar da na yi amfani da ita ke nan, datti. Labulen ɗakin Inna a ɗage yake.

A ranar ina da darasi da 'yan aji huɗu a kan kasuwanci a zamanin da, sai na naɗe mai hoton limamin a auduga, na sa a kwalin ashana, na tafi da shi don su ga abin da idonsu. Matata kuma ta shiga maƙwabta barkar haihuwa, da niyyar ba za ta daɗe ba. Ta daɗe.

Na dawo bayan azahar, ana tsananin zafin bazara. Matata na tarar a bakin ƙofa, ta riga ni shiga da kaɗan ta sake fitowa. Mayafinta yana hannu, fuskarta ta canza.

"Malam, don Allah ka shiga a hankali," ta ce. "Laifina ne, ni na bar gidan."

Na ɗauka faɗuwa Inna ta yi. Na jingine babur ban ko kafe shi sosai ba. Ƙamshin lemun tsami ne ya fara tarbata a tsakar gida.

Tana zaune a inuwar baranda, a waje, inda ba ta taɓa yarda ta zauna ba. Yadda ta jawo tabarma da farantin da hannu ɗaya da sanda, ban sani ba. Kananzir ya yi wuya a lokacin, mun koma girki da itace, don haka toka ba ta yi mata nisa ba. Ga sakaina da toka a dame, ga ɓawon lemun tsami da ta matse da haƙori, ga ɗan rairayi a murfin kwano. Ta shimfiɗa farin ɗankwalinta, ta jera kwabban a kai. Suna walƙiya kamar yau aka buga su. Ban taɓa ganinsu haka ba, kuma ina jin babu wanda ya gan su haka tun zamanin masu su.

Ƙaramin bai shiga layi ba tukuna. Yana cikin tafin hannunta na dama, wanda ya mutu. Ta kwantar da hannun a cinya ta mayar da shi mazubi, yatsun da suka tanƙwashe sun tare kwabon kada ya zame, tana murza shi da babban yatsan hagu. Tafin ya yi fari da toka, gefensa ya yi ja saboda tsamin lemun, ita kuwa ba ta ji. Goshinta duk gumi.

Ba ta ɗago ba. Ta tsoma kwabon a ruwa, ta goge a zaninta, ta ajiye a ƙarshen layi.

"Ke 'yar nan, ki ce wa mai kuɗin nan ya zo ya duba ko dattin ya fita. Wannan ƙaramin ya ba ni wuya. Sai da na sa masa rairayi."

Na shiga falo na ɗauko gilashin. Na tsuguna a gefen tabarmar, na ɗauki kwabon ta gefe kamar yadda aka koya mini, na karkata shi ga haske. Yatsun biyar suna nan. Tsakiyar tafin ya yi sumul kamar bayan cokali. Harafi ne, ɗigo ne, ƙasa ce, duk abin da yake wurin ya tafi. Na juya shi ta kowace fuska, na sake juyawa, ko da yake tun kallon farko na sani.

Ba zan ce ban ji komai ba. Na ji kamar an zare mini wani abu daga ƙirji. Na tuna dattijon yana kaɗa yatsa. Na tuna safiyoyin da na yi a taga. Na kuma san sauran ma sun rasa fatarsu ta shekara ɗari bakwai a wuni guda, ba kuma za ta dawo yadda take ba a rayuwata.

Ina jin na daɗe a tsugune fiye da yadda ya kamata. Matata tana tsaye ba ta ko motsi. Da na saki gilashin, sai na ga Inna ta jawo gefen zaninta ta rufe hannun daman. Ta juya fuska ga bango.

"In an ɓata wani abu ne," ta ce wa bangon, "a faɗa. Ba yau aka fara cewa in bari ba."

Ni ba na iya ƙarya, ko ƙarama ce sai muryata ta tona ni. Na nemi abin da zan faɗa wanda gaskiya ne. Na ce wa matata:

"Ki ce mata ya fita. Ki ce mata ban taɓa ganin yatsun nan sarai haka ba."

Matata ta maimaita. Inna ba ta juyo ba. Ta san ni, ko da ba ta taɓa kiran sunana ba. Ta san wannan rabin magana ce, tana jiran sauran.

Kwalin ashanar yana aljihun rigata, ina jin shi a ƙirjina. Kwabon da ke ciki kaɗai ya tsira, kuma shi ne mafi kyau. Ba zan ce na yi dogon tunani ba, kuma ba zan ce ban yi jinkiri ba. Na ciro shi, na buɗe audugar.

"Ki ce mata an manta da ɗaya."

Matata ta zaro ido. "Malam, wannan ai shi ne mai..."

"Lemun ya ƙare," na ce. "Ki duba ko da saura a kicin."

Ta kalle ni, ta kalli Inna, ta shige.

Na miƙa kwabon. Ban ajiye a tabarma ba, na riƙe shi a sama tsakanina da ita. Ta dube shi ta gefen ido, baƙi da shuɗinsa. Ta daɗe. Sa'an nan ta ɗago hannun hagu, duk toka, ta buɗe.

"A yi haƙuri da hagu," ta ce.

Na sa mata a ciki. Na sha juya wannan maganar a raina, don ba na so in ƙara wa abin da ya faru abin da babu. Abu ne da kowa yake faɗa in ya karɓa da hagu. Amma matata tana kicin a lokacin, ina jin ƙarar kwanuka. Fuskar Inna kuma ba bango take kallo ba. Na kuma duba tsakar gidan daga baya, babu ko kaza.

Ta janye zanin daga hannun daman, ta kwantar da limamin cocin a tafin, ta ɗebo toka.

Daga ranar muka sassauta. Ban koma wajen likita na nemi izini ba, don ina tsoron abin da zai ce. Matata ta fara ajiye mata murafan tukwane da cokula. Labari ya kai maƙwabta, matan malamai suka fara kawo 'yan kunne da awarwaro. In na shiga birni nakan biya kasuwa wajen masu tsofaffin kaya in sayo anini da kwabo mai huji, waɗanda suka fi baƙi nake zaɓa, in zube a teburin falo ba tare da na ce komai ba. Washegari in tarar da su a jere a kan farin ɗankwali. Ta fara cin abinci a baranda tare da matata, ta ɗan juya baya kaɗan. Kwanon tuwona ya koma yadda na san shi ina yaro.

Inna ba ta daɗe ba. Da damina ta yi nisa, shinkafa ta rufe gonakin da aka cire tumatir, ciwon ya dawo mata da rana tsaka, wannan karon bai bar mata komai ba. Kwana kaɗan ta yi. Na sha tambayar kaina ko aikin ne ya jawo, ko zaman banza ne da ya fi saurin kai ta. Na tambayi wani likita bayan shekaru, ya ce ba wanda zai iya sani. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta.

Da matan unguwa suka gama yi mata wanka, ɗaya daga cikinsu ta gaya wa matata cewa tafin hannunta na dama ya yi kanta a tsakiya, wuri guda, kamar girman kwabo.

Farantin yana nan wajena. Duk wanda ya san harkar in ya gani zai ce an lalata su, kuma ba zan yi masa musu ba. Ƙaramin ba shi da gari har yau. In aka tambaye ni nakan ce na ƙasar Jamus ne, daga ɗayan garuruwa biyu, wataƙila ma na uku da ban yi zato ba. Amma a ƙarƙashin gilashi akwai abin da nake iya gani ba tare da shakka ba. Tsakiyar tafin cike yake da ƙananan layuka, sirara kamar gashi, duk sun karkata gefe guda, yadda babban yatsan hagu yake tafiya in yana murza abu. Wannan alamar na san inda aka buga ta, na san ranar.

Sai dai azurfa ba ta dawwama da farinta. Shekara da shekaru baƙin yana dawowa a hankali, ya fara daga gefe, yanzu ya kai yatsun. Layukan sun fara dushewa a ƙarƙashinsa, idona kuma ba kamar da ba. In na bar shi, zai rufe su. In na goge, ko da a hankali ne, nawa yatsan zai bi ta kan nata. Dattijon ya ce kada in wanke. Inna da ta gani da ta ce wa kaza wasu mutane sun bar azurfa ta koma gindin murhu.

Ban yanke shawara ba. Na sha sayo lemun tsami in ajiye a taga kusa da farantin, ya bushe a wurin, matata ta ɗauke ta zubar.